Fitila huɗu na saya kafin na dace da ta karatun dare

Ni malamar sakandare ce a nan Kano, Fiziks nake koyarwa, kuma duk cikin awa 24 lokacin da zan ce nawa ne ni kaɗai bai wuce awa ɗaya da rabi ba, daga ƙarfe goma na dare zuwa sha ɗaya da rabi. Kafin nan ba ni da kaina. Ga girki, ga jingar yara, ga takardun ɗalibai da na kwaso daga makaranta. Bayan nan kuma ido ya yi nauyi, asuba tana nan tafe. A wannan ɗan tsakanin nake jingina da filo in buɗe littafi, abin da na saba da shi tun ina budurwa a ɗakin mahaifiyata.

Gidan haya muke, ɗaki biyu da falo, yara a ɗaya mu a ɗaya. Maigida da ya dawo daga sallar isha'i ya ci abinci sai kwanciya, domin shida da rabi na safe a hanyar kasuwa take yi masa. Mutum ne da haske kaɗan ke hana shi barci, ko ɗan jan ɗigon da ke jikin soket sai da muka liƙe shi da salatif. To ga gado ɗaya, ga gidan sauro ɗaya, shi yana son duhu, ni ina son ganin baƙi a kan takarda. Bai taɓa ce min in daina ba. Abin da yake yi shi ne ya juya baya ya ja zane ya rufe fuska, ko da a zafin watan Afrilu ne, kuma da a ce magana ya yi da abin bai dame ni haka ba. Dalilin da ya sa daga farkon 2023 zuwa damunar 2024 na sayi fitila har huɗu ke nan. Uku suna nan a gidan suna wani aikin daban, ɗaya ce ta zauna a gado.

Ta farko irin wadda ake jera wa amare ce, tagwaye, masu gindin tangaran da hular yadi, ɗaya a kan kowace durowar gefen gado. A Sabon Gari na saye su, kuma kyansu ne ya ja ni. Idan an kunna su ɗaki yakan ƙawatu, baƙuwa ta shigo sai ta tambayi inda na samo. Amma tun daren farko na gane ba don karatu aka yi su ba. Hular a buɗe take sama da ƙasa, saboda haka hasken gida biyu yake rabuwa, rabi ya hau rufi, rabi ya zube a kan durowa inda babu komai sai kwalbar man shafawa da carbi. Ɗan abin da ya ratso yadin ya nufo ni sai ya sake ratsa gidan sauro. Sai in tsinci kaina a karkace, kafaɗa ɗaya a ƙasa, littafi a miƙe bakin gado ina bin haske, da safe wuya ya riƙe. Shi ma maigida bai tsira ba, tunda abin da ya hau rufi farin fenti yana watso shi ko'ina a ɗakin. Uwa uba, a bango ake jona ta. Unguwarmu idan an kawo wuta da rana da wuya ta kai dare, a mako bai fi in samu dare biyu ko uku ba. Mai sola da inbata a gidansa wannan ba damuwarsa ba ce, amma mu ba mu da su.

Duk da haka a kanta na fara lura da abin da ya fi komai amfani a wannan sha'ani, wato launin haske. Ƙwan da aka haɗo ta da shi fari ne fat, irin mai kashe idon nan na shagunan magani. Na kwance shi na duba gindinsa, an rubuta 6500K. Wannan K ɗin kelbin ne, ma'aunin da ke nuna ko haske zai yi ja-ja ko zai yi fari mai shuɗi-shuɗi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai ja-ja. Harshen kyandir bai kai 2000K ba. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, wanda yake ƙona hannu in an taɓa, wajen 2700K ne. 4000K tsaka-tsaki ne, 6500K kuwa hasken rana ne sosai. A kasuwanninmu in ba ka yi magana ba farin za a miƙo maka, domin mu a wurinmu fari shi ne haske. Na shiga shago uku kafin na samu mai 2700K, a na ukun ma sai da na ce wa yaron, "Ɗan'uwa, mai ruwan ɗorawa nake so, ba fari ba." Ya ce, "Anti, ai wannan ba ya haske, masu otal ne kawai ke saye." Ya hau kujera ya ciro min shi daga can saman kanta, kwalin duk ƙura.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina a aji shi ne, farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne. Ƙwayar shuɗin haske take fitarwa, sai aka shafe samanta da wani sinadari mai ruwan ɗorawa wanda ke juya wani ɓangare na shuɗin, haɗuwarsu ta ba da fari. Shi ya sa in kun kalli ƙwayar a kashe za ku ga ɗigon rawaya. Samar da wannan shuɗin ba ƙaramin aiki ba ne, a kansa aka ba masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel ta Fiziks a 2014, kuma albarkacinsa ne yau ƙwai mai wat 9 yake ba da hasken da a da sai mai wat 60. Sai dai da dare shuɗin yana da illarsa. A cikin ido akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare, kuma shuɗin haske suka fi ji. Idan haske mai ƙarfi mai yawan shuɗi yana dukansu da dare, jiki yakan jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shirya mutum ga barci. Na daɗe da sanin wannan a kan allo, amma sai da na canza ƙwan nan na ji shi a jikina. Da farin, in na rufe littafi sai in yi ta juye-juye har sha biyu ta wuce. Da mai ruwan ɗorawa ina ajiyewa barci yake ɗauka ta. Wannan alherin na tagwayen fitilun ba zan hana su ba: ƙwansu na juyawa ne, ana cirewa a sa wanda ake so. Yanzu suna falo.

Ta biyu na saye ta da damunar 2023, lokacin da na gaji da jiran wuta. Babbar fitilar cajin nan ce mai mariƙi a sama, wadda kusan kowane gida akwai irinta, ƙwayoyi a jere a gabanta kamar masara a jikin totuwa. Mai shagon ya kunna ta da rana tsaka ya haska min a tafin hannu ya ce, "Hajiya, wannan ko a tsakar gida kika ajiye ta, allura za ki tsinta." Bai yi ƙarya ba. A kicin da tsakar gida ba ta da ta biyu. A gefen gado kuwa wahala ce. Mataki biyu kawai gare ta, kuma ko ƙaramin ya fi ƙarfin ɗakin kwana. Ƙwayoyin a tsirara suke, babu abin da ya rufe su, duk inda na ajiye ta sai gefen idona ya kamo su. Farar takarda kuma tana mayar da hasken cikin ido, bayan shafi goma baƙaƙen sun fara iyo, ido yana ruwa. A darenta na uku maigida ya farka a firgice yana tambaya ko an idar da salla, ya ɗauka gari ne ya waye ya makara, alhali sha ɗaya ba ta yi ba. Na ji kunyar wannan sosai.

Sannan ga ƙwari. Duk wanda ya kunna farar fitila da damuna bayan an ɗauke ruwa ya san abin da nake nufi. Shinge da ƙananan ƙwari masu fuka-fuki su cika jikin gidan sauro, 'yan mitsi-mitsin su ratso ta ramukan su sauka a kan shafi. Yawancin ƙwarin dare haske mai shuɗi ya fi jan su a kan mai ruwan ɗorawa, na kuma gani da idona da na sauya daga baya. Sauro dai numfashinmu da ɗumin jikinmu ya fi bi, don haka kada wani ya ce ya sayi fitila mai ja-ja ya naɗe gidan sauro.

Wata bakwai ta yi tana aiki, sai ta koma minti ashirin ta dushe. Na kai wa mai gyara a bakin titinmu, ya kwance ta ya ciro wani ɗan baƙin akwati mai nauyi, an rubuta 4V a jiki. Batir ne mai dalma da ruwan asid, ɗan'uwan na mota da na babur. Ya ce, "Anti, irin wannan ba ya son a bar shi ya mutu murus, kuma ba ya son ya kwana da yunwa. Ku kuwa sai ta mutu kuke jona ta, wutar ma ba ta daɗewa balle ya cika." Gaskiyarsa ce, batirin dalma in ya daɗe babu caji wani gishiri yakan daskare a jikin farantansa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Ya sa min sabo, na mayar da ita kicin, kuma yanzu da an kawo wuta ita nake fara jonawa ko da ba ta nuna alamar rauni ba.

Ta uku ba zan daɗe a kanta ba. Ƙanena ne ya ba ni shawarar tocilar goshi, irin ta masu shayi da masu faci da dare. Tana shiga cikin gidan sauro, hannu biyu suna sake, duk inda ido ya kalla nan haske yake. Amma hasken a dunƙule yake, tsakiyar shafi tana ƙuna gefe yana duhu. Robar tana matse kai, da zafi gumi ya taru a ƙarƙashinta, ba a kwanciya da ita ta gefe, kuma in aka yi tari a ɗakin yara na waiga, a fuskar maigida hasken yake sauka. Abin da ya raba ni da ita shi ne ciwon kai. In na rage ta sai in ji wani abu yana damun idona ban san ko mene ne ba, har ranar da na buɗe kyamarar waya na saita ta, na ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar. Wasu fitilu masu araha ba rage ƙarfin wutar suke yi ba, kunnawa da kashewa suke yi da sauri yadda ido ba zai kama ba, kuma idan saurin bai kai ba, wasu mutane suna jin sa a ido da ka. Ni ina cikinsu. Mako biyu ta yi, yanzu da ita ake leƙa tankin ruwa.

Wani lokaci in ina wannan fama sai in tuna fitilar ƙwai da muka yi karatun firamare da ita. Kowace magariba aikina ne in goge ƙwan da tsumma, in datse lagwani, in duba kananzir. Haskenta kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na yanzu, amma ja-ja ne mai laushi, ana murɗa lagwani a ƙara ko a rage daidai yadda ake so, kuma kusa da littafi muke jawo ta. Ashe duk abin da nake nema tana da shi. Ba ina cewa a koma mata ba ne, hayaƙinta yana shiga ƙirji, kuma duk abin da ke da harshen wuta, kyandir ne ko aci-bal-bal, bai kamata ya kusanci gidan sauro ba, domin zaren roba ne, kafin a ce kwabo ya kama. Amma ita ta tuna min da dokar da nake rubuta wa 'yan aji a allo duk shekara: in ka ninka nisanka da fitila sau biyu, hasken da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwan da ke rufi yana nesa da littafina da kamar mita 2. Fitilar da ke santimita 40 daga shafi ta fi shi kusa sau biyar, wato da ƙarfinsu ɗaya ne da ta fi shi haska shafin kusan sau 25. Ke nan mai karatu a gado ba babbar fitila yake bukata ba, ƙarama yake bukata wadda za ta matso kusa ta kalli takarda kawai.

Na same ta a watan Agustan 2024 a Farm Centre, ranar da na je gyaran waya. A rataye take a wani shagon kayan waya tsakanin caja da abin sa wa a kunne, babu sunan wani sanannen kamfani a jikinta. Naira 9,500 na biya bayan ciniki. Gindinta baki ne mai matsewa kamar maƙalin shanya amma babba, da roba a ciki don kada ya ci katako. Daga nan wuya mai lanƙwasa, tsawonsa kamar santimita 30, sai ɗan kai mai faɗi wanda aka rufe ƙwayoyinsa da farar roba mai hazo-hazo, yadda ba a ganin ɗigo-ɗigon, haske ɗaya ne shimfiɗaɗɗe yake fitowa. Launi uku gare ta, ja-ja da tsaka-tsaki da fari, kuma in aka ɗora yatsa aka riƙe, hasken yana sauka a hankali har ya koma kamar garwashi. Bakin cajinta irin na wayoyin yanzu ne, USB-C, don haka cajar wayata ma tana yi mata, fawa bank ma haka.

Inda aka maƙala ta rabin aikin ne, kuma sai da na yi kwana uku ina gwadawa. Da farko a gefen waje na sa ta, ta bakin gado, sai ya zama fuskarta tana kallon maigida. Daga baya na mayar da ita tsakaninmu, a fuskar gado, saman kafaɗata ta hagu, cikin gidan sauro, na lanƙwaso wuyan ya kalli ƙasa da dama. Ta haka ƙeyarta ce ke wajensa, hasken ya sauka a kan shafi, abin da ya ragu ya tafi bango. Tunda da dama nake rubutu, in ina duba takardun ɗalibai inuwar hannuna ba ta rufe inda biro yake. Bahago sai ya juya lissafin. Ina sa ta a ja-ja, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, kuma wannan ya ishe ni ganin ƙananan baƙaƙe ba tare da na matse ido ba. Bayan kamar mako guda na lura maigida ya daina jan zane. Da na tambaye shi ko hasken yana damunsa sai ya ce, "Maman yara, ai na ɗauka kin daina karatun ne."

Gwajinta na gaskiya ya zo a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, har da na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda a duhu. Wanda yake Kano a lokacin ba zai manta da layin shagunan caji da tsadar ƙanƙara ba. Babbar fitilar kicin dare biyu ta yi ta kwanta. Wannan ƙaramar ita ta riƙe gidan: bayan magariba a maƙala ta a jikin kujera yara su yi jinga, da goma ta dawo gado. Sau uku kawai na kai ta caji gidan maƙwabciyata mai sola. A yadda nake sa ta, caji ɗaya yana ba ni kusan awa 10, wato dare shida. In aka ƙure ta kuwa ba ta kai awa uku.

Wannan ya kawo ni ga laifuffukanta, domin tana da su. A kwalinta an rubuta 5,000mAh, wato yawan cajin da batirinta ke riƙewa, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Na kwance ƙusa ɗaya da ke bayanta na ga batir guda ne, irin dogon nan mai lamba 18650. Lambar girmansa take faɗa, kauri milimita 18, tsawo 65. Masu kyan cikinsu na manyan kamfanoni da kyar suke wuce 3,500mAh, saboda haka duk wanda kuka gani an buga masa 5,000 ko 9,900, fenti ne kawai. Na yi lissafin nawa daga awannin da yake yi: fitilar wat 3 ce, tana cinye shi cikin kamar awa biyu da rabi, batirin kuma bolt 3.7 ne, ya kama wajen 2,000mAh ke nan. Bai yi laifi ba, ƙaryar ce ba na so. Amma kasancewarsa ana cirewa shi ne babban dalilin da zan sake sayen irinta, domin yawancin ƙananan fitilun nan a liƙe batirinsu yake, ranar da ya mutu fitilar ta mutu. Wannan kuwa ana samunsa a kasuwa a sauya. Batirin litiyom dai ba ya son zafi, ba na barin ta a taga da bazara lokacin da Kano ke haura digiri 40, kuma ba na jona ta a kan katifa ko ƙarƙashin filo.

Laifin da ya fi ci min rai shi ne ba ta tuna inda aka bar ta. Duk sanda aka kunna, da fari take tashi kuma a ƙure. Sai na koyi rufe kanta da tafin hannu kafin in taɓa, in latsa sau biyu ta koma ja-ja, in riƙe ta sauka, sannan in buɗe. Kowane dare haka. Makunninta na shafawa ne ba na dannawa ba, a duhu sai an lalubo shi, kuma sau biyu hannuna ya goge shi cikin barci ɗaki ya haske da tsakar dare. Yanzu in na gama sai in lanƙwasa wuyan sama can nesa da hannu. Da zan samu mai maɓalli na gaske wanda yatsa zai ji, da na fi so.

Akwai inda hukuncina na cewa ja-ja ya fi bai yi aiki ba, kuma ya kamata in faɗa. Da na ga ta yi min, sai na sayo wa Hajiyarmu irinta, domin takan tashi kafin asuba ta yi tilawa, kuma da tocilar waya take fama. Na saita mata yadda nake sa tawa. Ta buɗe Alƙur'aninta ta duba ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan aci-bal-bal kika kawo min, ba na ganin wasali." Hajiya ta haura sittin. Idan shekaru suka ja, ƙwayar ido takan tsuke, madubin cikinta kuma ya yi duhu-duhu, har mai sittin yakan bukaci ninki biyu ko uku na hasken da ya ishi mai ashirin. Ga shi kuma mus'hafinta mai launukan tajwidi ne, ja da kore da shuɗi kowanne da hukuncinsa, kuma a ƙarƙashin haske mai ja-ja launukan ba sa fita sosai. Da na mayar mata tsaka-tsaki na ƙara ƙarfi kusan ƙarshe, sai ta ce yanzu ta gani. Ita ɗakinta ita kaɗai ce, ba ta tashin kowa, kuma ba barci take nema bayan karatun ba, salla take jira, don haka farin ma bai cutar da ita ba. Sai dai cajinta ba ya wuce kwana uku, na saya mata batir na biyu jikanta yana sauya mata. Mai karanta abu mai launi, in ya ga an rubuta CRI ko Ra a kwali ya duba lambar, ma'aunin yadda fitila ke fito da launi daidai ne, 80 ba laifi, 90 ya fi. A kwalin tamu ba a rubuta ba.

Da na je sayen ta Hajiya ban tafi hannu rabbana ba. Littafi na sa a jaka, mai ƙananan baƙaƙe. Na roƙi mai shagon ya bar ni in shiga can ciki inda babu hasken rana, domin a bakin shago kowace fitila a rage kamar ba ta aiki take, shi ya sa masu saye ke zaɓar wadda ta fi ƙarfi. Na rage ta har ƙasa na ga iya inda take kaiwa, na saita kyamarar waya ban ga layuka ba, na lanƙwasa wuyan na sake shi na ga ko zai tsaya, na sa ya kwance bayanta na ga batirin. Ya yi haƙuri da ni ƙwarai, har ya ce, "Malama, tunda nake sayar da ita ba a taɓa tambayata ko tana raguwa ba, kowa ƙarinta yake tambaya."

Tawa yanzu ta haura shekara. Batirin ya ɗan ja baya, dare biyar yake yi maimakon shida. Robar cikin bakin ta ɓare gefe guda, na sa ɗan ƙyalle don kada ta goge fentin gado. Wuyan ne ya fara saki, in na saita shi sai ya riƙa sunkuyowa a hankali, kafin in gama babi ya kusa taɓa kafaɗata, sai na ɗaure gindinsa da robar gashi biyu yake tsayawa. Ranar da ya ƙarasa, irinta zan nema, sai dai wannan karon zan tsaya a shagon in kashe in kunna sau uku, in ga ko tana komawa inda na bar ta.